An ga mahaifa a cikin ɗana namiji: me tiyatar huji za ta yi masa?

"Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara ɗaya da wata uku. Tun yana jariri muka lura da kumburi a matsematsinsa na dama, kuma ɗan marainansa na hagu ba ya cikin jaka. Aka ce ƙaba ce, aka shiga da shi tiyata. Da likitan ya fito sai ya ja ni gefe, ya ce ya tarar da wani abu kamar ƙaramar mahaifa a cikin ƙabar, ya gutsuri kaɗan don gwaji, ya mayar da sauran ciki ya ɗinke. Ya tura mu babban asibiti, ya ce za a yi wa yaron aiki da kyamara ta cibiya. Mahaifiyarsa ba ta barci, wasu a dangi har sun fara cewa mata-maza ne. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne. Shin ɗana namiji ne? Za a cire abin gaba ɗaya? Zai haihu in ya girma?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya kwantar wa mahaifiyarsa da hankali. Abu uku ka tambaya: jinsin ɗanka, makomar wannan mahaifa da aka gani, da zancen haihuwa. Tiyatar yara ita ce aikina, kuma zan amsa maka gwargwadon abin da ka rubuto. Ban taɓa yaron da hannuna ba, ban ga sakamakon gwajinsa ba, don haka maganar likitan da ke duba shi tana gaba da tawa.

Kafin komai, likitan farko ya yi abin da ya dace. Wanda ya shiga gyaran ƙaba ya ci karo da abin da bai yi tsammani ba, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya gutsuri kaɗan, ya gyara ƙabar, ya fito ya yi wa iyaye bayani. Da ya yanke abin nan take don ya huta, da wataƙila yau wata maganar muke yi.

Yadda namiji ke zuwa duniya da mahaifa

Har wajen mako 6 zuwa 7 da shigar ciki, kowane ɗan tayi, na namiji da na mace, yana ɗauke da bututu kashi biyu a kowane gefe. Kashi ɗaya shi ne zai zama hanyar maniyyi. Ɗaya kashin shi ne zai zama mahaifa da hannayenta biyu da saman farji, kuma ana kiransa da sunan Johannes Müller, masanin nan ɗan Jamus da ya bayyana shi a 1830. Idan tayin namiji ne, 'ya'yan maraina sukan fara aiki tun yana ciki, su fitar da sinadari iri biyu. Na farko, testosteron, shi ke raya hanyar maniyyi, daga gare shi kuma ake samun abin da ke gina mazakuta da jakar maraina. Na biyu likitoci na kiransa AMH, kuma aikinsa ɗaya ne a wannan lokaci: ya narkar da bututun Müller kafin ciki ya wuce wajen mako 10. Wani masani Bafaranshe, Alfred Jost, shi ya gano a 1947, da gwajin da ya yi a kan tayin zomaye, cewa lallai akwai wannan sinadari na biyu dabam da testosteron.

To idan AMH bai fito ba, ko ya fito amma makarɓarsa da ke jikin bututun ta lalace, sai bututun ya ci gaba da girma kamar ba a ce masa komai ba. Testosteron kuwa ya yi aikinsa cif. Sai a haifi yaro da mazakuta lafiyayya, mafitar fitsari a inda ya kamata, ƙwayoyin halittarsa 46,XY irin na kowane namiji, amma a bayan mafitsararsa akwai 'yar mahaifa da hannayenta. A katin asibiti za ka ga an rubuta PMDS. Abu ne da ba a cika gani ba. Waɗanda aka rubuta labarinsu a littattafan likitanci a duk duniya 'yan ɗaruruwa ne.

Idan haka ne lamarin ɗanka, namiji ne ba tare da wani kokwanto ba. Ba shi da ƙwan mace, ba zai yi al'ada ba, ba zai ɗauki ciki ba, nono ba zai fito masa saboda wannan ba. Zai balaga, muryarsa ta buɗe, gemu ya fito. Malaman fikihu sun yi dogon bayani kan hunsa, wato mata-maza, kuma alamar farko da suke dubawa ita ce ta inda fitsari ke fita. Yaron da ke da gaba ɗaya tak, na maza, yana fitsari ta nan, ba ya cikin masu rikitarwa. Fatawa ta malamai ce, amma abin da jiki ya nuna ke nan.

Na ce "idan haka ne" da gangan. Akwai wasu lalurori da ke kama da wannan, kuma dole a kore su kafin a sake sa wuƙa. Akwai yaron da ƙwayoyin halittarsa gauraye ne, 45,X da 46,XY, wanda yawanci mafitar fitsarinsa na ƙasan mazakuta kuma ɗan marainansa ɗaya bai ginu ba. Akwai kuma wadda ta fi ba mu tsoro a jarirai: jaririya mace, 46,XX, da wani ƙullutu a saman ƙodarta ke fitar da sinadarin maza fiye da kima, har gabanta ya yi kama da na namiji sak. Irin wannan jaririya na iya rasa gishirin jikinta ta galabaita cikin makonnin farko. Shi ya sa duk jaririn da aka lalubi jakarsa ba a ji ɗan maraina ko ɗaya ba, ba a jira, a kai shi asibiti a satin. Ɗanka ya wuce wannan haɗari tunda an ga ɗan maraina a dama, amma duk da haka ka tabbata an yi gwajin ƙwayoyin halitta, an auna testosteron da AMH a jini, an kuma karɓo sakamakon tsokar da aka gutsura. Hoton sikanin yakan kasa ganin mahaifar ƙaramin yaro, saboda haka in an ce ba a ga komai ba, wannan bai ƙaryata likitan da ya gani da idonsa ba.

Ka ambaci cewa kai da mai ɗakinka 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma wannan yana da alaƙa. Gadon lalurar irin na sikila ne: sai yaro ya karɓi ƙwaya mai tawaya daga uwa, ya karɓi irinta daga uba. Ƙwayar da ke sarrafa AMH tana kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 19, ta makarɓarsa kuma tana kan na 12. Wanda ke ɗauke da guda ɗaya lafiyarsa ƙalau, bai ma san yana da ita ba. A auren zumunci damar haɗuwar biyun ta fi yawa, domin kakan ɗaya ne. Ka faɗa wa mahaifiyarsa da bakinka cewa ba wani abu ta ci ba, ba wani magani ta sha ba, ba sammu ba ne, ba iska ba ne, kuma rabin gadon daga wajenka ya fito. Na sha ganin uwa ta shigo ɗakin duba marasa lafiya kanta a sunkuye saboda dangin miji sun ɗora mata laifi, kuma abin yana ci mini rai kowane lokaci. A kowane ciki nan gaba damar haɗuwar ƙwayoyin biyu ɗaya ce cikin huɗu, kuma a maza kaɗai take bayyana. Idan yaron na da 'yan'uwa maza, a kai su a lalubi jakarsu.

Abin da tiyatar ke nema

A nan ne nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin nan ne ni da iyaye muka fi samun saɓani. Kusan duk uban da na zauna da shi kan irin wannan magana, abin da yake fara cewa shi ne, "Likita, a cire abin nan duka, kada a bar ko ɓurɓushi." Na fahimci dalilinsa. Amma abin da ke cikin haɗari a jikin ɗanka shi ne 'ya'yan marainansa da bututun maniyyinsa. Su za mu shiga ceto. Mahaifar tsoka ce da ke zaune shiru, matsalarta ita ce ta riƙe 'ya'yan maraina ta hana su sauka.

Yadda take riƙe su ya kan zo ta fuska uku. Wani lokaci duka biyun suna can cikin ƙugu, a inda ƙwan mace ke zama, jakar babu komai. Wannan ya fi yawa. Wani lokaci ɗaya ya sauko ya janyo hannun mahaifa, ko ma mahaifar kanta, cikin ƙaba. Wani lokaci kuma ɗan marainan ɗaya gefen ya tsallako ya biyo ɗan'uwansa, a tarar da su biyu a gefe guda. Labarin ɗanka ya yi kama da na biyu ko na uku.

Ɗan maraina yana buƙatar sanyin jaka, wadda zafinta bai kai na cikin ciki ba. In ya daɗe a ciki, ƙwayoyin da za su zama maniyyi suna raguwa, kuma lalacewar na farawa tun cikin shekara ta biyu. Shi ya sa ƙa'idarmu ita ce a sauke shi tsakanin wata 6 da wata 18 da haihuwa. Ɗanka yana wata 15, ka ga babu lokacin ɓatawa. Ban da haka, ɗan marainan da ya zauna a ciki ya fi saurin kamuwa da ciwon daji bayan balaga, yana kuma iya murɗewa ya mutu ba a sani ba. Sauke shi da wuri yana rage haɗarin dajin, bai kawar da shi kwata-kwata ba, amma ya kawo shi inda hannu zai taɓa, a gane canji tun yana ƙarami.

Ga inda gizo ke saƙar. Bututun maniyyi na waɗannan yara ba ya tafiya shi kaɗai. Yana bin gefen mahaifar, yana manne da bangonta, yayin da ya gangaro wuyanta kuma yakan nutse cikin tsokar har ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. A yaro ɗan shekara ɗaya kaurinsa bai fi zaren ɗinki mai ɗan kauri ba, kuma tare da shi akwai siririyar jijiyar jini da ke ciyar da ɗan maraina. Wanda ya dage sai ya tumɓuke mahaifar duka, yana iya yanke bututun biyu a rana ɗaya, yaro ya tashi ba shi da hanyar fitar da maniyyi har abada. Garin neman gira a rasa ido.

Yadda ake aikin

Tiyatar huji, wadda a asibiti za ka ji ana ce mata lafaroskofi, an fara amfani da ita wajen neman ɗan marainan da ya ɓace tun 1976, kuma a yau ita ce hanyar da aka fi yarda da ita. Yaro zai yi azumi: awa 6 babu abinci ko madarar gwangwani, awa 4 babu nono, awa 2 babu ruwa. Bayan an sa shi barci, a sa masa robar fitsari don mafitsara ta sauka ta ba da wuri. A ɗan tsaga cibiya a zura kyamara mai kaurin milimita 5, a hura iskar kabon a ciki kaɗan don bangon ciki ya ɗaga. Sai a ƙara huji biyu, hagu da dama, na milimita 3 ko 5, inda almakashi da ɗan matsi za su shiga. Wasu likitoci kan fara leƙawa ta mafitar fitsari da wata kyamarar, don ganin inda ƙasan mahaifar ya buɗe kusa da furostet, wata 'yar gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara.

Amfanin kyamarar shi ne tana ƙara girman komai a allo sau da yawa, kuma tana kai ido can bayan mafitsara, lungun da yake da wuyar gani a ƙugun ƙaramin yaro ko da an tsaga. Gani ya kori ji. Abin da nake fara yi shi ne in nemo 'ya'yan maraina biyu, in duba girmansu da launinsu, sannan in bi bututun maniyyi na kowane gefe da ido tun daga tushe har inda ya nutse. Ba na yanka komai sai na san inda kowannensu yake.

Daga nan hanya takan rabu, kuma abin da aka gani shi ke zaɓa. Idan 'ya'yan maraina za su kai jaka ba tare da an taɓa mahaifar ba, akwai likitocin da ke barinta yadda take. Idan ita ce ke riƙe su, sai a tsaga ta gida biyu ta tsakiya, daga sama zuwa ƙasa, kowane rabi ya bi bututun gefensa ya ba da tsawo. Da yawa daga cikinmu kan kankare shimfiɗar cikinta a lokacin, tunda daga nan ne matsala kan taso in za ta taso. Idan kuma bututun ya rabu da bangon sarai, ana iya cire saman mahaifar da hannayenta, a bar siririn zirin tsoka a jikin kowane bututu don ya kare shi. Bayan haka a jawo ɗan maraina a zaunar da shi a wani ɗan aljihu da ake yi masa ƙarƙashin fatar jaka.

Wani lokaci babbar jijiyar jinin ɗan maraina ce gajera, ko an ja ba za ta kai ba. A nan akwai dabarar da ta samo asali daga abin da likitoci biyu, Fowler da Stephens, suka bayyana a 1959, wadda daga baya aka riƙa yin ta a mataki biyu. A ɗaure babbar jijiyar, a bar ɗan maraina a inda yake kamar wata 6, ƙananan jijiyoyi su ƙara ƙarfi, sannan a dawo a sauke shi. Ka lura da wace jijiya zai rayu a kai cikin wannan wata shidan: ita ce wadda ke bin bututun maniyyi, wato wadda ke manne da mahaifa. Idan an ɗaure ta sama, aka kuma lalata ta ƙasa wajen cire mahaifa, ɗan maraina zai shanye. Saboda haka in an ce maka aikin zai kasu biyu, ko an fito an ce an bar wani sashe na mahaifar, kada ka ɗauka ragwanci ne ko rashin iya aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da barin ragowar. Shekarun baya ana ganin ba ta da wata illa. Daga baya aka samu rahotannin 'yan tsirarun mutane, akasari manya, da ciwon daji ya tsiro musu a ragowar mahaifa, wasu kuma ta riƙa tara fitsari tana jawo ciwon mara ko jini a fitsari. Wannan ya sa wasu ƙwararru ke ganin a cire duk abin da zai ciru lafiya. Masu lalurar ba su da yawan da za a raba su gida biyu a gwada a ga wace hanya ta fi. Ni a nawa aikin ina cire abin da zai fita ba tare da na kusanci bututun ba, in kankare shimfiɗar abin da ya rage, in bar shi, domin in bututun ya yanke, asarar tabbas ce kuma ba ta gyaruwa da sauƙi, haɗarin ragowar kuwa ƙarami ne kuma ana iya sa masa ido.

Game da inda za a yi, manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen tiyatar yara. Ka tambayi likitan kai tsaye ko ya saba sauke ɗan maraina ta huji, kuma me yake niyyar yi da mahaifar. Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. In kayan huji ba su samu ba, ko kuɗinsu ya fi ƙarfinka, tsaga ƙasan mara a hannun wanda ya san aikin tana kaiwa ga buƙata ɗaya. Bambancin shi ne tabo da ciwo da kwanakin jinya. Kada jiran kyamara ya sa yaro ya kai shekara uku ɗan marainansa na ciki. Haka nan in an fara ta huji aka ga dole a tsaga, ka san an yi ne don lafiyarsa.

Bayan tiyata, da zancen haihuwa

Yawancin yara kan sha nono a ranar, su koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu da farasitamol. Jakar za ta ɗan kumbura na 'yan kwanaki. Abin da zai sa ku koma asibiti ba jira shi ne zazzaɓi, amai mai launin kore, kumburin ciki, ƙin cin abinci, ko jaka ta yi ja tana zafi. Goyo ba laifi bayan 'yan kwanaki, amma a kula kada zane ya matse wurin, kuma a hana shi hawa abin da zai wara ƙafa na 'yan makonni. Za a so ganinsa bayan wata ɗaya, bayan wata 6, sannan lokaci-lokaci har ya balaga, ana duba ko 'ya'yan maraina na zaune a jaka kuma suna girma.

Haihuwa kuwa, ba zan yi maka alƙawarin da ba nawa ba. Rashin haihuwa ya yi yawa a cikin masu wannan lalura, musamman waɗanda duka 'ya'yan marainansu suka daɗe a ciki, ko aka ji wa bututunsu rauni, ko aka haife su da bututun a toshe. Amma akwai waɗanda suka haihu ta hanyar da aka saba, kuma galibinsu masu ɗan maraina aƙalla ɗaya a jaka ne da bututu lafiyayye. Ɗanka yana da abu biyu a hannu: na dama ya riga ya sauko, kuma an gano lamarin yana ƙarami. Sau da yawa a ƙasarmu sai mutum ya yi aure shekaru ba haihuwa, ko ƙari ya fito masa a ciki, sannan a gano. Ko maniyyi bai fita ba, yanzu akwai hanyar ɗebo ƙwayoyinsa daga ɗan maraina a haɗa da ƙwan mace a ɗakin gwaji, ko da yake tana da tsada. Ƙarfin namiji da sha'awa ba su cika taɓuwa ba, tunda testosteron na nan.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka: ka karɓi kwafin rahoton tiyata, da sakamakon gwaje-gwaje, da hotunan kyamara in an ɗauka, ka adana su inda ba za su ɓace ba. Dangi da maƙwabta ba su da haƙƙin sanin komai fiye da cewa an gyara masa ƙaba an sauke masa ɗan maraina, kuma wannan gaskiya ce. Shi yaron kuwa jikinsa ne. Idan ya kai shekarun balaga ku zauna da shi da likita a yi masa bayani, a koya masa lalubar 'ya'yan marainansa sau ɗaya a wata lokacin wanka, ya san in ya ji tauri ko kumburi, ko ya ga jini a fitsari ko a maniyyi, asibiti zai nufa da takardun nan a hannunsa.